Uwar mijina ta ruɗe, tana kirana ɓarauniya, kuma ni kaɗai ke jinyarta

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Uwar mijina ta haura shekara 75, gida ɗaya muke zaune a Kano. Kusan shekara biyu ke nan tana mantuwa. Ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta ɓoye kuɗi ta ce ni na sace, da magariba ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida. 'Ya'yanta mata sun ce sammu ne, wasu ma ni suke zargi. Ni ke yi mata komai, ga yara huɗu, barci ya gagare ni. Wannan ciwo ne ko tsufa? Kuma ina zan samu wanda zai fahimce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri, ya ba Hajiya sauƙi. Abin da kika zayyana ya yi daidai da ciwon lalacewar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira dimenshiya, wanda a gida muke cewa gigin tsufa ko ruɗewa. Tabbatarwa sai an duba ta ido da ido, amma alamun da kika lissafa, da yadda suka shigo sannu a hankali cikin shekara biyu, su ne muke gani a asibiti. Hajiya ba ta tsane ki ba, kuma ba da gangan take yi ba. Tun daga farko ina so ki riƙe magana ɗaya: wannan jinya ce ta shekaru, mace ɗaya ba ta iya ɗaukarta, ko da 'yar cikinta ce. Dabarun da zan faɗa miki za su rage miki wahala, amma ba za su wadatar ba muddin aka ci gaba da barinki ke kaɗai.

Tsufa daban, wannan ciwo daban. Tsohuwa lafiyayya takan manta inda ta ajiye carbi, can anjima ta tuna. Mai wannan ciwo kuwa abin da ya faru minti goma da suka wuce ba ya zama a kanta ko kaɗan, ko an tuna mata ba za ta tuna ba. Shaidar cewa ba tsufa ne kawai ba ita ce yawancin tsofaffi suna rasuwa da hankalinsu garau. Binciken da aka yi a Ibadan tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama, wanda aka buga a 1995, ya samu ciwon a ɗan fiye da mutum 2 cikin 100. Wani da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya samu kusan 3 cikin 100. A duniya kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma duk shekara ana samun sababbin masu kamuwa kusan miliyan 10.

Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, mai ɗauke da sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Takan fara cin sashen ƙwaƙwalwa da ke adana sabon abu, shi ya sa Hajiya za ta iya ba ki labarin ranar aurenta tiryan-tiryan, amma ta rantse ba ta karya kumallo ba. Kamar ginin ƙasa ne da damina: yaɓen baya-bayan nan ke fara zubewa, tsohon tushe ya daɗe yana tsaye. Nau'i na biyu yana zuwa ne daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, a wurin masu hawan jini, ko ciwon suga, ko waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, saboda tsofaffi da yawa suna yawo da hawan jini shekara da shekaru ba a taɓa auna su ba.

Abu na farko, a kai ta asibiti. Na san za a ce ai tsufa ba shi da magani, me za a je yi. Dalilin zuwa shi ne akwai cututtukan da ke kwaikwayon wannan ciwo kuma suna warkewa: ƙarancin sinadarin bitamin B12, raunin aikin ƙululun maƙogwaro, ciwon damuwa mai tsanani, taruwar jini a cikin kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, har da rashin ji da rashin gani da ke sa tsoho ya zama kamar ba ya fahimta. Wasu magungunan ma da kansu suke ruɗa tsoho. A Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Na kusa da Kaduna suna da Barnawa da Shika, na Sakkwato suna da Kware, Maiduguri ma tana da nata. Ranar zuwa ki tattara duk wani magani da take sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Ki rubuta abubuwan da kika lura da lokacin da kowanne ya fara. Kuma ki yi iya ƙoƙarinki maigidanki ya je, tare da ɗaya daga cikin 'yan'uwansa mata, musamman wadda ta fi zarginki. Abin da za ki shekara kina faɗa ba a yarda ba, likita zai faɗe shi a zama ɗaya a saurara.

Game da magani, babu wanda ke warkar da cutar Alzheimer har yau. Akwai irin su donefezil da memantin, waɗanda kan ɗan farfaɗo da tunani ko su rage saurin lalacewa na wani lokaci a wurin wasu. Suna da nasu illolin, donefezil kan kawo tashin zuciya da gudawa da raguwar bugun zuciya, don haka likita ne zai rubuta. Riƙe hawan jini da suga kuwa yana da amfani sosai. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada a je kemis a sayo maganin barci don ta yi shiru. Diyazefam, da magungunan mura masu sa barci irin su Piriton, suna ƙara ruɗa tsoho, su sa shi faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan zama sanadin kwanciyar da ba a tashi. Magungunan kwantar da tabin hankali irin su halofaridol suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan ciwo, sai a kan lalura, kaɗan, na ɗan lokaci, bisa kulawar likita.

Wani abu da duk mai jinya ya kamata ya sani: wannan ciwo a hankali yake tafiya. Idan Hajiya ta wayi gari ta fi jiya ruɗewa nesa ba kusa ba, ko ta kama barci ba ji ba gani, ko ta fara fizge-fizge, to wani ciwo ne ya hau kan na da. Yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko kwana da kwanaki ba ta yi bayan gida ba, ko suga ya sauka, ko ruwan jikinta ya ƙone, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Ba ta iya cewa nan ke min ciwo, sai dai halinta ya canza. Wannan na gaggawa ne, a ranar ake kai ta, kuma idan aka magance shi takan koma yadda take.

Batun sammu kuwa, kada ki tsaya jayayya da 'ya'yanta a kansa. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne, kuma tsofaffi da yawa sukan natsu idan suka ji karatun da suka saba ji. Alƙur'anin da kansa, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ki ce musu a haɗa biyu, addu'a da asibiti. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turnuƙe ta da hayaƙi, da ɗura mata jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa, da ɗauri ko mari. Ko dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare irin waɗannan marasa lafiya daga wulaƙanci. A kula da bakin unguwa kuma. Tsohuwar da ke fita da dare tana surutai, tana amsa duk abin da aka tambaye ta da "e", ita ce ake saurin laƙaba wa maita. Gara maƙwabta su ji daga bakin maigidanki cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne kafin wani ya raɗa masa wani suna.

Yanzu zancen sata, wanda na san shi ya fi ci miki rai. Ga yadda abin yake faruwa a kanta. Tana jin cewa abubuwa suna kufce mata, sai tsoro ya sa ta ɓoye abin da take so: a ƙulle a bakin zane, a ƙarƙashin katifa, a cikin kwalla, wani lokaci har a kwandon shara. Ɓoyewar ba ta zauna a kanta ba. Ta duba inda ta saba ajiyewa, babu. A wurinta bayani ɗaya ne ya rage, wani ya ɗauka. Wa ke shiga ɗakinta safe da yamma, wa ke taɓa kayanta, wa ke gyara mata shimfiɗa? Ke. Shi ya sa a kusan kowane gida wanda ya fi hidima shi ke shan zargi, wanda ke zuwa ranar Juma'a da ledar lemo kuma shi ne ɗan albarka. Ƙari a kan haka, mai wannan ciwo yakan iya tattaro hankalinsa na rabin awa a gaban baƙo, ya gaisa lafiya lau, ya tambayi yara. Sai baƙon ya tafi yana cewa ai Hajiya ƙalau take, matar ɗanta ce ke ƙara gishiri.

Rantsuwa da kawo hujja ba sa aiki a nan, domin wurin da hujja za ta zauna shi ne ya lalace. Abin da ke aiki shi ne ki tsaya a ɓangarenta. Ki ce, "Subhanallahi, Hajiya, kuɗin sun ɓata? Bari mu duba tare." Ki bari ita ta gano su da hannunta idan zai yiwu, don idan ke kika miƙo za ta ce da ma suna wurinki. A hankali za ki san maɓoyarta guda uku ko huɗu. A bar mata ƙananan kuɗi a hannu don ta ji tana da nata, manyan kuma da gwal da takardun gida da katin banki a damƙa wa ɗaya daga cikin 'ya'yanta a gaban shaidu, a rubuta. Kada ki yarda dukiyarta ta zauna a hannunki, ko da an roƙe ki. Wannan kariya ce gare ki yau, da kuma ranar rabon gado.

Tashin hankalin magariba sananne ne a wannan ciwo. Gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara yi mata kama da mutane, gida ya cika da hayaniyar yara. Gidan da take cewa za ta tafi kuwa, sau da yawa gidan mahaifinta ne na shekara sittin da suka wuce, inda ta san kowa kuma kowa ya san ta. Idan kika ce mata "ai nan ne gidanki", ba za ta yarda ba. Idan kika ce "ai su Inna sun daɗe da rasuwa", za ta ji rasuwar sabuwa fil, ta yi kuka, gobe ta sake tambaya. Mata da yawa sukan ce mini ba sa son yi wa babba ƙarya. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki ce, "Kina kewar gida ko, Hajiya? Wa ke dafa tuwon dare a gidanku?" Ki bar ta ta ba da labari, ki miƙo mata kunu, ki ce a yi sallah tukuna. Yawanci kafin a idar hankalinta ya koma wani wuri. A kunna fitila tun kafin duhu ya shiga, a rage ƙarar talabijin, a hana ta dogon barcin rana da shayi ko goro da yamma, a fito da ita ta sha hantsi ta ɗan taka. A ba ta aikin hannu da ta saba, tsince wake, gyaran zogale, ninke tufafi, ko da za ki sake yi a bayanta.

Duk da haka wata rana za ta iya fita, don haka a shirya tun yanzu. A ɗinka lambar waya a jikin hijabinta ko mayafinta. A ajiye hotonta na kwanan nan saboda cigiya. A sanar da mai unguwa, da mai shagon bakin layi, da masu adaidaita sahun da ke tsayawa kusa, cewa in an gan ta a rako ta cikin mutunci. A sa wa ƙofar waje sakata a sama inda idonta ba ya kaiwa, ko ƙararrawa. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a kawar da ashana, kalanzir, fiya-fiya da magunguna, a riƙa kashe tukunyar gas daga kanta. Kulle ta a ɗaki ita kaɗai yana ƙara mata firgici, kuma in gobara ta tashi babu mafita.

Sauran hidimar yau da kullum zan taƙaita. Idan ta ce ba a ba ta abinci ba, kada a nuna mata kwanon da ta cinye, a raba abincin nata kashi-kashi, a riƙa ba ta kaɗan sau da yawa. A riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. A raka ta bayi duk bayan awa biyu ko uku, a ajiye fo kusa da gado da ɗan haske da dare. Wanka kan zama rigima saboda kunya da tsoron ruwa, sai a yi da ruwan ɗumi, da zane a jikinta, ana faɗa mata abin da za a yi kafin a taɓa ta, in ta ƙi a bari sai anjima. Sallah kuwa, idan ta yi raka'a shida ko ta maimaita azahar sau uku, a ƙyale ta. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma bai kamata a bar ta da azumi tana shan magani ba. Ku tuntuɓi malaminku don zuciyarku ta natsu. Can gaba, idan ta kwanta, sai an riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, a ba ta abinci tana zaune, mai ɗan kauri, kada a ɗura mata ruwa tana kwance.

Na ce can gaba ne saboda hanyar tana da tsawo. Masu cutar Alzheimer sukan rayu shekara 4 zuwa 8 bayan an gano ta, wasu har 20, kuma hidimar ƙaruwa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu jinya a gida suna kashe kimanin awa 5 kowace rana, kuma kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar mata ne ke yin su. Ke kin san naki ya wuce awa biyar. A nan maganata da maigidanki take, kuma ina so ki ba shi ya karanta. Malam, wajibin kula da Hajiya a kanka yake da 'yan'uwanka, maza da mata. Ku aka yi wa umarni kada ku ce wa iyaye ko da "tir". Abin da matarka ke yi kyautatawa ce, kuma mai kyautatawa ba a saka masa da zargi. Kai ne za ka tsaya a gaban 'yan'uwanka ka ce likita ya ce ciwo ne, kada wanda ya sake kiran sunan iyalina da sata. Kuma namiji yana iya jinyar mahaifiyarsa: ya ba ta abinci, ya zauna da ita daga magariba zuwa isha, ya kwana a ƙofar ɗakinta.

A kira taron dangi, da wani babba da ake jin maganarsa, kawu ko liman. Kada a tashi da "za mu riƙa taimakawa", domin wannan magana ba ta taɓa ɗauke wa kowa kwanan dare ɗaya ba. A fito da aiki da suna da rana. Wane ke sayen magani da famfas na manya duk wata. Wance ke kwana Litinin da Alhamis. Wane ke kai ta asibiti. Wanda ke Legas ko Saudiyya ba ya iya kwana, amma yana iya biyan albashin mai taimako. A buɗe littafi a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sau da yawa dangi kan ce to a riƙa zagayawa da ita, wata ɗaya a gidan kowa. Ban cika ba da wannan shawara ba, saboda duk sauyin ɗaki da bayi da fuskoki yana ƙara ruɗa ta. Ita ta zauna wuri ɗaya, masu jinya su riƙa zagayowa. Wata fa'idar kwanan ita ce duk wadda ta kwana biyu da Hajiya ba za ta sake cewa kina ƙara gishiri ba. Kuma kada a cire yarinya daga makaranta a mayar da ita mai jinya. Jikoki su taya hira da aike, nauyin kuwa na manya ne.

Ke kuma, 'yar'uwa, akwai abin da ba ki rubuta ba amma na san yana nan, domin kusan duk mai irin wannan jinya yana ɗauke da shi. Wata rana kin daka mata tsawa, kin koma ɗaki kin yi kuka. Wataƙila wani dare zuciyarki ta raya miki da ma Allah ya ɗauke ta kowa ya huta, sai kika tsorata da kanki. Wannan alamar gajiya ce da rashin barci, ba ta mayar da ke muguwa ba. Idan kika ji ranki ya kai wuya, ki tabbatar tana wuri marar haɗari, ki fita tsakar gida, ki yi alwala, ki dawo bayan minti goma. Amma idan kika ga kuka ya zama kullum, abinci ya fita ranki, ba abin da ke faranta miki, ko hannunki ya fara kai mata duka, ko kina tunanin cutar da kanki, to ke ma kina buƙatar likita, kuma ki faɗa a ranar da kuka kai Hajiya. Ciwon damuwa ya yi yawa a tsakanin masu wannan jinya, kuma yana jin magani.

Kin tambayi inda za ki samu wanda zai fahimce ki. Mai fahimtarki ita ce wadda ta taɓa wanke katifa da ƙarfe ukun dare, aka wayi gari aka kira ta ɓarauniya. Suna nan da yawa, kowacce a bayan katangarta, tana zaton ita kaɗai ce, saboda muna ɓoye wannan ciwo kamar abin kunya. A wasu ƙasashe an daɗe da gane amfanin haɗa su. A 1997 wani masanin halayyar tsofaffi, Bère Miesen, ya fara wani zama a birnin Leiden na ƙasar Holan, inda masu ciwon da iyalansu da ma'aikatan lafiya ke haɗuwa a sha shayi a yi magana a fili, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A garuruwanmu irin wannan zama bai yaɗu ba tukuna, amma kayan haɗa shi duk muna da su, tunda mun saba da adashe da gayya da zumunci.

Wurin farawa shi ne bencin jiran likita. Ranar asibitinku ki dubi matar da ke kusa da ke riƙe da hannun tsohuwa ko tsoho, ki ce mata sannu da jinya, ki tambaye ta yaya dare. Za ki sha mamakin abin da zai biyo baya. Ku karɓi lambar juna. Ki gaya wa nas ko ma'aikaciyar walwala ta sashen cewa kuna son a haɗa ku da wasu masu jinya. A Islamiyya ma ki roƙi malama ta yi sanarwa ba tare da kiran suna ba. Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ku buɗe zaure a WhatsApp, ku fi amfani da saƙon murya don wadda ba ta karatu ta shiga, ku haɗu sau ɗaya a wata a gidan ɗayanku. Ku kafa sharuɗɗa tun ranar farko, don su ne ke raya irin wannan zama: abin da aka faɗa amana ne, ba ya fita, ba a ɗora hoto ko bidiyon mara lafiya, domin mutuncinsa yana nan ko ya manta sunansa, ba a tallar magani, ba a ba wa wata ragowar maganin wata, wadda ta ce ta gaji ba a tare ta da wa'azin haƙuri kafin a saurare ta. Lokaci-lokaci ku gayyato nas ta nuna muku yadda ake juya mara lafiya da ɗaga shi ba tare da an ji ciwon baya ba. Idan akwai mai jin Turanci a cikinku, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussan masu jinya kyauta a intanet mai suna iSupport, sai ta riƙa karantawa tana yi muku bayani. Ranar 21 ga Satumba kuma, ranar cutar Alzheimer ta duniya, dama ce ta roƙon liman ko gidan rediyo su taɓo batun.

Amfanin zaman ya wuce hira. Wadda ta riga ki shiga za ta gaya miki abin da ke tafe da inda ake samun famfas da sauƙi, kuna ma iya haɗa kuɗi ku sayi katan ku raba. Keken guragu ko katifar da wani gida ya gama da ita ta wuce wani gida. Mafi tsada a ciki shi ne musayar lokaci: yau ta zo ta zauna da Hajiya awa uku, jibi ke ki zauna da nata mahaifin ko mahaifiyar. Wadda ta san ciwon ba za ta tsorata ba in an zage ta, ba kuma za ta kai labari unguwa ba. Ki fara kawo ta kina nan, sau biyu ko uku, ki gabatar da ita a matsayin ƙawarki da ta zo gaisuwa, har Hajiya ta saba da fuskarta. Awannin da kika samu kuma kada ki cika su da wanki da shara. Ki kwanta ki yi barci, ko ki je ki gaida naki iyayen, ki biya ta asibiti a auna miki jininki.